Hawayena da na Isuhu a Sikeli

Mafarkin da na yi jiya da dare, ko maƙiyina ba na yi masa fatan irinsa.

Na tsinci kaina a wani gari da rana tsaka, ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa cikin gajimare. Mutane sun shimfiɗa lema suna tafiya a kanta. Ban tsaya kallo ba, don an ce yau za a fitar da gwanin gwanaye cikin jaruman finafinan da, na zamanin kaset. Shekara ashirin da biyu muna wannan musu da abokina Isuhu Dogo. Shi ya fito a direban tirela da ɗansa ya ɓata, ni na fito a makahon tela da dangi suka guje shi. Kowa ya san na fi shi, ban da shi. A kan haka muka daina gaisawa, har ya kwanta asibiti ban leƙa ba, har Allah ya karɓi abinsa bara.

Sai ga ni a ofis, ma'aikatan duk awaki. Wata akuya ta karɓi takardata, ta buga hatimi, ta cinye, sannan ta ce in koma layi tunda ba ni da takarda. Sau uku muna haka, raina ya kai maƙogwaro.

Shugabansu bunsuru ne mai tabarau. Ya ce su nan ba sa kallon fim, matse kaset suke yi kamar tsumma, su auna hawayen jarumi a sikeli. Na tambaye shi ina batun murya, ina wata ukun da na yi ina lalube a kasuwa ido a rufe don in koyi tafiyar makafi. Ya ce wannan sashen yana hannun jimina, ita kuwa ta tafi hutu.

Aka matse nawa, ya cika kwano uku, na gyara zaman hula. Aka matse na Isuhu, ɗigo biyu kacal. Sikeli ya rinjaya wajensa har yana taɓa ƙasa.

"Ranka ya daɗe, sikelin nan ya lalace."

Bunsurun ya tsoma gemu a kwanona, ya lasa. "Albasa ce."

To, albasa ce mana. A zamaninmu wa bai yi ba? Yanki ɗaya a hannun riga, darakta na cewa a fara, ka kai hannu fuska, shi ke nan. Isuhu ne kaɗai ya ƙi, ya riƙa ɓata mana yini guda yana jiran kuka ya zo don kansa.

Bunsurun ya ce ina iya ɗaukaka ƙara, in dai zan yi sabon kuka a gabansu. Na nemi albasa, awaki sun cinye ta gari kaf. Na matse fuska, na girgiza kafaɗa, ko alama.

Ina waiwayawa sai ga Isuhu a kan benci a ƙofar ofis, da rigar direbansa, ƙafafunsa a kan lema, yana ɓare gyaɗa.

"Haladu, har yau kana nan da taurin kanka? Ku ba shi na ɗayan, inda nake ba ya mini amfani." Ya kakkaɓe hannu. "A asibiti ma na sa an ajiye maka kujera, don mu ƙarasa musun."

Ya sauka daga kan lemarsa, ruwan ya ɗauke shi a hankali ya yi sama da shi. Na kira shi bai juyo ba. Wani abu mai zafi ya fito daga idona ya nufi sama, wata akuya ta yi tsalle ta tare shi da kwano. Ɗigo ɗaya ne, amma ana ɗora shi sikelin ya karye.

Aka ce ni ne na ɗaya. Aka miƙo mini takardar shaida, ba su ma cinye ta ba. Na duba ko'ina ina neman wanda zan nuna wa, babu kowa sai awaki.

Ƙarar wuƙa a kan faranti ce ta tashe ni. Matata Lantana tana yanke-yanken miya a ƙofar ɗaki. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Malam, me ya sami idonka?"

Na ce, "Albasarki ce."

Ta dubi farantin, ta dube ni. "Kabewa nake yankawa."