Baƙin Baba

Baba ya cika da hantsi a kujerar robar da ke ƙofar ɗakinsa, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Na tsaya a kansa ina jiran kuka ya zo, bai zo ba. Sai na kashe rediyon da ke gefensa, na jefa wayarsa a aljihuna, na kira ƙanensa, Baffa.

Abu ɗaya Baba ya taɓa roƙona a rayuwarsa: a kwantar da shi kusa da Inna. Har guntun ƙarfe ya kafa a gefen kabarinta don kada wani ya riga shi. Matsalar ita ce maƙabartar yanzu ba a hannunmu take ba. Tana cikin Yanki.

Haka kowa ke kiransa, Yanki, don cikakken sunan ya fi ƙarfin bakinmu. Gwamnatin sama ce ta yanki ƙasa daga ƙaramar hukumarmu ta ba wani kamfani, wai a gina birnin fasaha mai cin gashin kansa. Dokarsa daban, masu tsaronsa daban, wuta da ruwansa daban. Ni kuwa kansila ne, kuma rabin mazaɓata aka haɗa aka ba su, har abokan aiki suka laƙaba mini Rabin Kansila. A zauren majalisa babu kumfar bakin da ban yi ba. Na ce in gobara ta tashi a ciki, motar wa za ta je? In an daki ɗan wani, ina za a kai ƙara? Ruwan kwatarsu ina zai zuba in ba a kanmu ba? Matattunmu fa? Ciyaman ya saurare ni yana wasa da murfin biro, ya ce za a rubuta. Aka rubuta kuwa, aka aika sama, sama ta yi kunnen uwar shegu da mu. Muna nan muna jiran amsa katanga ta tashi.

Maƙabartar dai ba su taɓa ta ba, a nan ba zan yi musu sharri ba. Sun zagaye ta da furanni, suka ce duk mai ɗan'uwa a ciki ya je ƙofa na'ura ta ɗauki fuskarsa, daga nan ya riƙa shiga, har da baƙinsa in yana so. Na rantse a bainar jama'a ba zan kai fuskata ba, don ba zan nemi izinin kowa kafin in gai da uwata ba. Mutane suka tafa mini. Baba bai rantse da komai ba. Ya sa rigarsa mai kyau ya je ya bi layi, ya dawo yana cewa na'urar ta fi ni ladabi, ita ko yaushe sai ta yi masa barka da zuwa.

Ana cikin yi masa wanka na kira Ciyaman.

"Allah Ya jiƙan Baba," in ji shi. "Amma Kansila, ka fi ni sani, can ba hurumina ba ne. Ko shara ba ni da ikon kwashewa."

"Ranka ya daɗe, ka kira su mana."

"In kira wa? Lambar da suka ba mu, na'ura ce ke ɗauka. Ku kai shi sabuwar maƙabarta ta bayan tasha, yanzu in sa a haƙa."

Baffa yana gefe yana ji. Ya ce, "Ɗana, ƙasa duk ta Allah ce. Kada mu wahalar da shi." Gaskiya ya faɗa, na kuma san gaskiya ce. Na ce a sa makara a mota, Yanki za mu.

Ƙofar Yanki gilashi ce mai kauri, ba mariƙi, ba kafar makulli. A gefenta akwai wani allo mai haske daidai tsayin fuskar mutum. Ta cikin gilashin ana hango titi sumul, da ƙananan motoci suna wucewa shiru ba kowa a ciki. Mai gadin na san shi. Dogo ake ce masa, ya yi shekaru yana jan motar sharar ƙaramar hukuma kafin ta mutu a bar ta a bayan ofis. Yanzu yana cikin kaki mai guga. Da ya ga makara ya cire hula.

"Ranka ya daɗe, ya haƙuri? Wallahi da da makulli da na buɗe. Babu ma makullin."

"To a ɗauki fuskata yanzu."

"Sabuwar rajista sai ta yi kwanaki kafin ta fito."

"Babu wani babba da zan gani?"

"Ni ma ban taɓa ganinsa ba."

Muka tsaya. Rana ta take, masu rakiya suka fara neman inuwar katanga, katangar kuwa ba ta da inuwa a wannan lokacin. Wata motar kaya ta tsaya a bayanmu tana ƙyafta fitila. Ina kallon komai kamar a gidan wani ake yi. Ko haushin da na saba ji da ganin ƙofar nan ban ji ba, na lalube shi a raina na rasa.

Dogo ya matso ya rage murya. "Akwai hanya ɗaya, amma bakina ya yi nauyi. Baba yana da rajista. Mai rajista shi ke shiga da baƙi."

Baffa ne ya fara ganewa. "Kai, Dogo! Ka ji tsoron Allah! A buɗe fuskar mamaci bayan an suturta shi? A kan titi?"

"Baffa, ni ba ni na tsara ba."

"Ɗana, mu juya. Yayana ne. Ban yarda ba."

Na dubi Baffa. Na tuna guntun ƙarfen. Ban yi wani dogon tunani ba, ban kuma ji ina yin abin kirki ko na tsiya ba. Na ce wa masu ɗauke da makara su matso da ita kusa da allon.

Da hannuna na kwance ɗaurin wajen kai. Na janye likkafanin zuwa haɓa. Fuskar Baba ta yi ƙanƙanta, kamar an wanke ta ta shige. Allon ya ƙyafta, wata murya mai laushi ta ce, "A ɗaga kai kaɗan."

Wani a baya ya yi salati. Na sa tafin hannuna a ƙeyar Baba na ɗaga. Kansa ya fi yadda nake zato nauyi, da sanyi kamar tulu.

"Barka da zuwa," in ji muryar. "Muna farin cikin sake ganinku. Ku shigo da baƙinku."

Gilashin ya zuge. Na mayar da likkafanin na ɗaure, ɗaurin bai yi kyau kamar na farko ba. Na'urar ba ta yarda da taro ba, iya masu ɗauke da makara da masu haƙa ta bari. Sauran jama'a suka tsaya a waje. Baffa ya kawar da kai daga gare ni, amma ya sa kafaɗarsa a ƙarƙashin makarar yayansa.

Ƙarfen yana nan inda Baba ya kafa shi, har an yi masa fenti fari don ya dace da furannin. Muka haƙa, muka kwantar da shi kusa da Inna, muka rufe. Muna cikin addu'a wani famfo ya tashi da kansa yana fesa wa ciyawa ruwa, ya jiƙa mana ƙafafun wando. Ba wanda ya matsa. Da muka zo fita, muryar ta yi wa kowannenmu sai an jima, ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya raka ni 'yan taku, ya ce, "Ranka ya daɗe, za ta yi ta nemansa fa. Ta ga shigarsa, ba ta ga fitarsa ba."

Da la'asar, ina zaune a tabarmar gaisuwa, wayar Baba ta yi ƙara a aljihuna. Saƙo ne daga Yanki: "Lokacin ziyararku ya ƙare. Muna jiran fitowarku." Washegari ma haka, daidai wannan lokacin. Jibi ma haka.

Labari ya kai ofis. Ciyaman ya kira ni har ɗakinsa, fuskarsa a sake, rabon da in gan shi haka tun kafin katanga. Ya ce, "Kansila, abin da muke nema ke nan! Ka kawo wayar zaman majalisa, mu kira 'yan jarida, duniya ta ga abin da muke faɗa tun farko." Da a da ne, da ni zan riga shi zuwa zauren. Na ce masa zan duba. Dogo ma ya aiko cewa in na kai shaidar rasuwa za su rufe rajistar, saƙon ya daina zuwa. Shi ma na ce zan duba. Baffa kuwa har yau in na gaishe shi yana amsawa, amma ba ya kallon hannuna.

An share makoki, an naɗe tabarmi, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa. An ba da kayan Baba, an kai kujerar robar bayan gida. A majalisa an cire sunansa daga masu karɓar taimakon tsofaffi tun kafin a yi sadakar bakwai, wannan aikin dai mun iya shi da sauri.

Jiya da la'asar maiɗakina ta same ni a tsakar gida ina sa wayar a caji. Ta tsaya da tsintsiya a hannu har saƙon ya shigo, ta ga na karanta.

"Don Allah ka kai musu takardar nan a rufe abin nan," in ji ta. "Me kake ji in ka karanta?"

"Ba na jin komai."

"To me ya sa kake ajiye ta?"

Na duba ko cajin ya kama. Ya kama.

"A bar ta," na ce. "Duk garin nan su kaɗai suka rage masu jiran ya fito."