Aikin da Ba Ya Shiga Lissafi

Wayar ta sake motsi a aljihunsa daidai lokacin da mai gabatar da shirin ya nuna shi da yatsa. Dakta ya danne ta da gwiwar hannu, ya matso kusa da makirufo.

Ya daɗe yana koyar da tattalin arziki a jami'a, kuma sunan da ya yi, wajen sukar fannin da yake ci da shi ya yi shi. Yau gidan rediyo ya haɗa shi da wani masani daga banki, mai ƙaramin gemu da ƙaton agogo, wanda ya cinye rabin shirin yana bayanin cewa ɗan Adam mai lissafi ne, kowa ya bi abin da zai amfane shi, kasuwa ta daidaita sauran. Dakta ya ce wannan mutumin mai lissafi a littafi kawai yake zaune, ba a taɓa goya shi ba, bai taɓa kwanciya ciwo ba. Ya ce ma'aunin arzikin ƙasa yana ƙirga kuɗin gadon asibiti, amma ba ya ganin wadda ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon. In ka ɗauko 'yar aiki ta yi jinyar, arzikin ƙasa ya ƙaru. In 'yar'uwarka ta yi, ba abin da ya faru.

Mai gabatarwa ya nemi misali. Dakta kuwa ba ya rasa misali.

"Na san wata mata," ya ce, ya sassauta murya kamar yadda yake yi a aji. "Tela ce. Ta rufe shagonta ta tare a asibiti da mahaifiyarta. Ita ce wanka, ita ce juyi, ita ce layin magani. Idonta yana ta dusashewa, amma duk danginta ba wanda ya taɓa karɓarta ko na wuni guda. A lissafin abokina, wannan matar zaman banza take yi."

Mutumin banki ya tsaya duban agogonsa.

Telar nan yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Yau da safe ne za a kai Inna ɗaukar hoton ƙirji, kuma yau ce rana ta ƙarshe ta likitocin ido da ke zuwa sau ɗaya a shekara su cire yanar ido. Sunan Yaya ya fito. Shi ya yi alkawarin tura keken Inna, ita Yaya ta tafi wurin likitocin. Sai gidan rediyo ya kira jiya. A mota ya gama shawo kan kansa: awa ɗaya tasa a rediyo za ta amfani dubban mata irin Yaya, tura keke kuwa kowa ya iya, kowa ya yi abin da ya fi ƙwarewa a kai. Hujja ce mai kyau. Duk shekara yakan rubuta ta a allo don ɗalibai su yi mata dariya.

Bai duba wayar ba sai da aka gama shan hannu da ɗaukar hoto. Duk kiran na Yaya ne, ba saƙo ko ɗaya.

Rana ta karkata lokacin da ya shiga ɗakin mata na asibitin. Inna na barci, baki a buɗe. Yaya na zaune a bakin gadon, ta kara kwalbar magani dab da hancinta tana neman rubutun. A farfajiyar asibitin ya wuce motar likitocin ido ana loda mata kaya, don haka bai tambaya ko ta samu zuwa ba.

"Auta, ka iso? An yi hoton," ta ce. "Layin ne ya yi tsawo."

Kafin ya haɗa abin da zai faɗa, matar da ke jinyar mai gado na kusa ta miƙe da wayarta a hannu. Ashe duk ɗakin sun saurari shirin. Yaya ce ta gaya musu ƙanenta ne zai yi magana. Matar ta yi ta sa masa albarka, ta ce tunda take ba ta taɓa jin namiji ya san zafin jinya haka ba. Wata tsohuwa daga can ƙurya ta ce ita dai dangin telar nan ne suka tsaya mata a rai, ta tambaya ko ba ta da 'yan'uwa maza ne.

Dakta ya dubi Yaya. Ɗakin nan kowa ya san sana'arta, kowa ya ga yadda take lalubar ƙofa da yamma. Ya kasa gane ko tsohuwar tambaya take yi ko habaici.

"Akwai," ya ce.

"To Allah ya shirye su."

"Ku bar su," in ji Yaya, ba ta ɗago ba. "Wataƙila aiki ne ya yi musu yawa. Auta, karanta min nan, cokali ɗaya ne ko biyu?"

Ya karanta mata. Ya cire kwat ya rataye a ƙarfen gadon, ya naɗe hannun riga, ya ce da ƙarfi yadda har na ƙurya za su ji, yau shi zai kwana, ta tafi gida ta huta. Ya ɗauki robar wanka, ya tsaya da ita a hannu don bai san inda famfon yake ba.

Nas ɗin da ke duba ƙarin ruwan Inna ta ce, ba tare da ta juyo ba, maza ba sa kwana a ɗakin mata, kuma lokacin ziyara ya kusa ƙarewa.

"Ka ji ko? Doka ce," Yaya ta ce, ta karɓi robar. "Je ka, gobe kana da aji. Ka yi magana mai kyau, wallahi."

Ya sa kwat ɗinsa. Abin da ya sauka a ƙirjinsa da nas ta yi magana sauƙi ne, kuma ya gane shi sarai. Ya bi tsakanin gadajen a hankali, kai a sunkuye, don kada tafiyarsa ta nuna.