Baƙin Kaji a Akurkin Mairo

Da Mairo za ta tafi Indabo jinyar mahaifiyarta, aiki guda ta bar wa mijinta Haladu: ya riƙa rufe akurki kafin magariba. Haladu, wanda ya yi ritaya ba a taɓa kuka da shi kan makullin ofis ba, ya manta. Muzuru kuwa bai manta ba. Aka wayi gari babu kaji uku, sai gashinsu a bakin kwata.

Kajin nan su ne duk abin da Mairo ta mallaka, da su take fita kunyar biki da suna. Saboda haka ranar Juma'a Haladu ya shiga kasuwar Wudil da gashin a aljihu, yana karawa a jikin kajin mutane yana neman masu kama. A wurin Tasi'u mai kaji ya dace.

"Malam Tasi'u, lafiyarsu ƙalau dai ko?"

"Alhaji, dubi ƙirji. Da ƙyar na kamo su."

"Wannan ai gyangyaɗi take."

"Gajiyar mota ce. Kai ma in aka ɗaure maka ƙafa daga ƙauye, sai ka yi."

Haladu ya san ƙa'idar Mairo sarai: baƙuwar kaza a zaure take zama ƙarƙashin kwando, nesa da sauran, sai an ga cinta da kashinta. To amma kwando a zaure shaida ne, kuma Mairo na iya dawowa kowace rana. Ya kwance su a tsakar gida, ya zuba musu ruwa a kasko ɗaya da na gida.

Kafin wata Juma'ar, gajiyar mota ta kama har kajin da ba su taɓa ganin titi ba. Ya ba su barkono, ya ba su maɗaci, ya fasa musu kafso a ruwa. Daga bisani ya koma bin su da wuƙa, yana yanka duk wadda ta langaɓe kafin ta zama mushe.

A haka Mairo ta yi sallama. Ta dubi akurki wayam, ta dubi layin yankakkun kajin da ya jera a gindin rijiya, ta sa ƙafa ta juya ɗaya daga cikin baƙin.

"Malam, wannan ta wace ce?"

Haladu ya dubi wuƙar hannunsa.

"Taki ce," in ji shi. "Na saya miki."