Warin Ɗakin Baba

Warin ya fara ne kamar wasa, kuma Auta ce ta fara jin sa. Ta shiga kai wa mahaifinta shayi da safe, tana tura ƙofa wani abu ya daki hancinta. Ba ɗoyin mushe ba ne, ba kuma hamami ba, wani tsami-tsami ne mai danshi, irin na tsumman da aka manta a bokiti. Ta ajiye kofin, ta gaishe shi a gurguje, ta fito tana sauke numfashi.

To da ɗakin wani ne, da sauƙi. Amma Baba! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan wanki da guga, wanda unguwa guda ta san shi da farar riga ƙal, ko ƙuda kunyar sauka a kanta yake yi? Tun su Auta suna yara, duk wanda ya zo gaishe shi sai ya kama wuyan rigarsa ya duba, ya ce, "Talauci ba ƙazanta ba ne." Da gwiwoyinsa suka gaza, Auta ce ta yi ta naci har ya bar wa wani shagon ya dawo gidanta. Ta ba shi ɗakin da ya fi kowanne, mijinta ya sa aka kafa masa na'urar sanyaya ɗaki, wadda kowa a gidan ke ce wa esi, don zafi yana hana shi barci. Sharuɗɗansa biyu ne: ya zo da teburinsa da dutsen gugarsa, kuma kayansa babu mai wanke masa.

Ran nan Auta ba ta yi aikin kirki a shagonta na ɗinki ba. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake, ta tashi ta zauna. Da rana ta rufe shago ta dawo gida, ta jira Baba ya shiga wanka, ta faɗa ɗakin da tsintsiya. Ta leƙa ƙarƙashin gado ko ɓera ne ya mutu, ta ja akwati, ta ɗaga darduma, ta sunsuna labule. Babu komai. Ɗakin fes, takalma a jere, riguna a ninke kamar za a sayar. Esi kuwa yana can sama yana ta huro sanyinsa, ko kallonsa ba ta yi ba. A ganinta, sanyi ai ba ya wari.

Da ta faɗa wa mijinta, sai ya ɗaga kafaɗa.

"Tsufa ne fa," ya ce a hankali. "Kin san idan jiki ya yi nisa, wani abin ba a iya riƙe shi."

"Kul!" ta ce. "Kada ka ƙara. Baba ne fa!"

Ta yi masa tas. Sai dai magana zarar bunu ce, ta riga ta fita, kuma ta sami wurin zama a zuciyar Auta. Washegari da Baba ya shiga wanka, ta sake lallaɓawa ɗakin. Wannan karon ba ɓera take nema ba. Ta yaye zanin gadon, ta shafa katifa da tafin hannu. A bushe take ƙamas. Ta mayar da zanin da sauri, tana jin kunyar kanta.

Ita duk a zatonta ta gyara gadon yadda yake. Ina! Wa zai ɓoye wa mai guga ninki? Baba ya fito, ya tsaya ya dubi kusurwar zanin, ya ga ba hannunsa ba ne.

Warin kuwa kullum sai gaba yake yi. Auta ta sayo turaren feshi, ta feshe ɗakin lungu-lungu, har cikin bakin esi ta fesa don iska ta yaɗa ƙamshin. Aka samu sauƙi na ɗan lokaci, daga baya tsami da turare suka haɗu suka haifi wani abin da ya fi na da muni. Sai ta yi abin da har yau idan ta tuna take cizon yatsa. Ta sayo sabulu mai ƙarfin ƙamshi, irin wanda ake sayarwa a kantin magani, ta ajiye masa a kan matashi, ba tare da ta ce komai ba.

Daga ranar Baba ya canza. Wanka ya zama aikinsa, da safe, da hantsi, da azahar, da la'asar, har fatar hannunsa ta fara tsagewa. Rigar da ya sa ɗazu sai ya tuɓe ya wanke. Kuma don kada a ga yawan wankin a igiyar tsakar gida, sai ya ɗaura igiya a cikin ɗakin, ya shanya su a jiƙe, ya rufe ƙofa da taga, ya ƙure esi. Ya daina fitowa falo cin abinci. Abokan hirarsa na ƙofar gida suka yi ta sallama, yana aika musu cewa gwiwa ce. Idan Auta ta shigo, sai ya matsa can ƙarshen gado. Ita ma, Allah ya sani, daga bakin ƙofa take tsayawa, numfashi a riƙe, murmushi a fuska.

'Yarta ce ta fasa ƙwan. Yarinya ce ƙarama da Baba ya laƙa wa suna Aku saboda surutu, wadda a da ba ta da wurin zama sai cinyarsa. Ya hango ta ta ƙofa, ya ce, "Aku, yau kuma gaba muke yi? Zo ki karɓi alewarki."

Ta toshe hanci da yatsu biyu. "Ni ba zan shigo ba, Kaka. Wari kake yi."

Auta ta kai mata duka, yarinya ta kwasa da gudu tana kuka. Baba ya ɗaga hannu. "Ƙyale ta. Ita kaɗai ce ta faɗi gaskiya a gidan nan."

Da gari ya waye ya kira Auta. Tana shiga ta ga akwatinsa a bakin gado, a rufe, dutsen guga a kai an naɗe wayarsa.

"Akwai ɗan ɗaki a bayan shagona," ya ce. "Na yi magana da wanda na bar wa. Idan mijinki ya dawo da yamma, ya kai ni."

"Baba, wane irin ɗaki? Wurin da ko taga babu? Wa zai duba ka?"

"Auta, na wanke ƙazantar mutane shekara da shekaru. Ba zan zauna in zama ƙazantar gidan 'yata ba."

Ta yi magiya, ta yi kuka, ya kau da kai. Ta fito ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta kunna wuta ba. Ta ɗauki waya za ta kira yayanta, ta ajiye, don me za ta ce masa? Ta je shago, ta kasa zura zare a allura, ta dawo. Tana hanya aka ɗauke wutar lantarki, unguwa ta yi tsit, zafi ya sauko kamar an kifa kwano.

Bayan azahar ta sake shiga, ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu sai ta shawo kansa. Zafi ya sa Baba ya buɗe taga da ƙofa, yana zaune yana fifita da kwali. Ta durƙusa a gabansa, kusa da shi yadda ta daɗe ba ta yi ba, ta fara magana. Tana cikin magana ta tsaya. Ta ja iska a hankali, ta sake ja. Babu wari, sai ɗan abin da ya kama labule.

Ba ta gama mamaki ba aka dawo da wuta. Esi ya yi ƙara, ya buɗe bakinsa, ya huro. Tsamin nan ya sauko musu a ka kamar an juye bokiti. Auta ta ɗaga kai ta dube shi, ta dubi Baba, ta miƙe zumbur.

"Wayyo ni! Baba, kada ka motsa!"

Ko mayafi ba ta gyara ba ta fita. A bakin titi akwai mai gyaran firji da esi, ta same shi yana cin abinci, ta tsaya a kansa har sai da ya ajiye cokali ya ɗauki jakarsa.

Mai gyara ya taka kujera, ya ɗaga murfin esi, ya kau da fuska. "Kai! Hajiya, rabon da a wanke wannan fa?" Ya zaro ragar da ke tace ƙura, ta yi baƙi ƙirin, ta yi gashi. Ya haska ciki da fitilar wayarsa, ya ce ta leƙa. A ƙasa akwai wani dogon faranti, cike da ruwa mai yauƙi, fumfuna ta bi gefensa ta yi kore.

"Esi yana tsotse danshin ɗaki ne," ya ce. "Ruwan ya taru a nan, ya bi tiyo ya fita waje. Wannan kuwa ba ya fita, kwanciya ya yi ya ruɓe, iska tana bi ta kansa tana kawo muku. Ga jiƙaƙƙun kaya kuna shanyawa, kuna ƙara masa aiki. Wa ya fesa turare a ciki?"

Auta ta sunkuyar da kai.

Mai gyara ya ce, "Turaren ya kama ƙura ya daskare. Mu je mu ga tiyon."

Suka zaga bayan taga, Baba na biye da su da sandarsa. Ga tiyon nan, an ɗage shi an rataye a ƙusa, an cusa bakinsa cikin wata jarka har ƙasa. Jarkar ta cika maƙil, bakin tiyo ya nutse. Mai gyara ya riƙe haɓa.

"Wannan kuma aikin wa?"

"Nawa ne," in ji Baba. "Ruwan da nake zuba wa dutsen guga ne. Ruwan famfo yana toshe dutse, yana bar wa farin kaya tabo. Wannan kuwa tas yake, ba ya barin komai. In bar shi ya zube a ƙasa? Da ina juye shi kullum. Da gwiwar ta matsa, sai na daina zagayowa."

Mai gyara ya yi dariya har da buga cinya. "Wallahi Baba ka san ruwa! Amma ruwa ba ya hawa tudu, kuma tiyo ba ya numfashi a nutse." Ya sauke tiyon daga ƙusa, ya hura shi, wani baƙin ruwa ya tsarto. Ya wanke farantin, ya wanke ragar da sabulu ya ajiye a inuwa ta bushe. Ya ce jarka ta zauna a ƙasa, tiyo ya tsaya a saman bakinta, a riƙa juyewa. A riƙa wanke raga a kai a kai, a bar esi ya yi iska zalla na ɗan lokaci kafin a kashe shi don cikinsa ya bushe, wanki kuma a kai shi rana. Da ya mayar da komai ya kunna, iska ta fito wasai.

Bayan ya tafi, Auta ta dawo ɗakin da murna, har tana tuntuɓe. "Baba, ka gani? Ba kai ba ne! Wallahi ba kai ba ne!"

Baba yana zaune a bakin gado, bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannayensa da suka tsattsage. Sannan ya miƙo mata hannun rigarsa.

"Sunsuna."

"Haba Baba..."

"Na ce ki sunsuna."

Ta durƙusa ta kai hancinta. Ƙamshin sabulun wanki ne da zafin dutsen guga, ƙamshin da ta tashi a cikinsa, wanda take barci a kai tun tana 'yar mitsitsiya. Hawaye ya ɓalle mata.

"Kin duba ƙarƙashin gado," ya ce, "kin shafa katifa. Ni ina zaune a nan, ba ki matso ba. Da tun ran farko kin yi wannan, da an huta."

Ta kifa goshinta a gwiwarsa tana ba shi haƙuri. Ya bar ta ta yi kukanta. Can ya jawo akwatin, ya buɗe, ya fara fito da rigunan ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a inda suke. A can ƙasa ya zaro sabulun nan na kantin magani, ya sha wanka har ya zama ɗan siriri kamar ganye. Ya kama hannunta ya sa mata a tafi.

"Ungo abinki," ya ce. "Ki kira min Aku, alewarta tana nan."