Bushiya Mai Jar Hula

Ranar da Inna ta ture kwanon tuwo karo na huɗu a jere, sai da na daka mata tsawa. Allah Ya yafe mini, ni Zulai'atu haka bakina yake, ba ya jiran kaina.

"Inna, so kike ki kashe kanki? Ki bar ni da wa?"

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Zulai, muryatai ta ɓace min."

Yayana Bilyaminu take nufi. Shekara biyu da wata uku ke nan da jirgin da ya shiga daga Yelwa zuwa wata kasuwa ta wajen Ngaski ya kife a tsakiyar kogin Kwara. An tsamo waɗanda aka tsamo, shi ba a gan shi ba. Bakaniken injin jirgi ne, wayarsa 'yar ƙarama ce mai tocila, bai taɓa aika wa kowa saƙon murya ba. Hotonsa biyu muke da su. Murya kuwa sai wadda ke cikin kan Inna, da ita take zama a kan dardumarta bayan kowace salla. Ta ce ranar Talata ta nemi ta ji yadda yake kiran ta, ta lalubo ta lalubo, babu. Tun daga nan abinci ya ƙi wuce mata. Tsohuwa ce mai ciwon suga, ni kuma ma'aikaciyar jinya ce, na san inda kwana huɗu ba ci yake kai mutum. Tsoro ne ya sa na yi tsawar.

A ranar, da azahar, sai ga saƙo daga Miracle, ƙawata ta ƙuruciya, wadda yanzu ke aure a Minna. Ta rubuta, "Zulai, kin tuna Bushiya? Na samo ta a intanet! Ki kalla, yau dai ki ga ƙarshenta."

Wayyo, Bushiya. Gidan su Miracle ne kaɗai mai talabijin a layinmu, da eriya a saman doguwar gora, wadda sai wani ya tsaya yana juya ta ana ihun "ya yi, ya yi, kai ka ɓata!" Duk hutun Kirsimeti akwai katun ɗin da ake sakawa sau ɗaya tak a shekara, na wata bushiya mai jar hula da ke jan fitila cikin ƙanƙara tana neman gidan kakarta. Mu 'ya'yan bakin ruwa, da ba mu taɓa ganin ƙanƙara ba sai a kular masu kifi, haka za mu cika falon Maman Miracle mu ashirin, da warin kifi da ƙura a ƙafa, ita kuma ba ta taɓa korar kowa ba, har cincin take raba mana. Ƙarfe shida ake farawa. Bushiya na isa bakin wata gada sai a kira magariba, mu kuma dokar Baba ce, duk wanda kiran salla ya ƙare bai shigo gida ba, jikinsa zai gaya masa. Shekara biyar muna kallo, ba mu taɓa ganin ta haye gadar ba.

Turanci ake yi, ba mai ji a cikinmu, sai Bilya ya naɗa kansa tafinta. Ɗan aji shida, wai shi Bature. A shekarar ƙarshe ma rediyon Baba ya sato, ya ɗauki sautin katun ɗin a kaset don mu riƙa saurare har shekara ta zagayo. Ashe a kan kaset ɗin tafsirin Baba ya ɗauka. Dukan da ya sha ran nan har maƙwabta sai da suka shigo ba da haƙuri, kaset kuma Baba ya ƙwace, ba mu taɓa jin sa ba.

Ina tuna haka na miƙe zumbur. Ban buɗe saƙon Miracle ba. Adakar marigayi Baba na jawo daga ƙarƙashin gado, na yi ta watsi da kaya kamar mahaukaciya. Yana nan a ƙasa, naɗe cikin tsohon rawani, da rubutun ajami a jikinsa. Don an rubuta tafsiri ne Inna ba ta yar da shi ba.

Na kai wa Bashiru mai gyaran rediyo a bayan tasha. Ya juya kaset ɗin a hannu yana dariya.

"Hajiya, wanga ai ya girme shagona."

"Ban zo jin shekarunsa ba, zai yi ko ba zai yi ba?"

Ya ga fuskata, ya bar dariya. Ya kwance shi, ya goge, ya liƙe inda zaren ya tsinke, ya naɗe da biro. Sannan ya ara mini wata tsohuwar rediyo, ya ce zaren ya ruɓe, in ya yi sau ɗaya ma an gode Allah, kada in gwada kafin lokacin da nake so a ji, kuma in ajiye wayata kusa ta ɗauka.

Bayan la'asar na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zaunar da Inna, na ce mata, "Ga Bilya na kawo miki." Haka na faɗa, da baki cike, ban san abin da ke ciki ba. Na ajiye wayata kusa tana ɗauka, na danna rediyon.

Sai shuuu, sai ƙararrawar nan ta farkon katun. Wallahi har ƙamshin cincin na ji. Can ƙasa-ƙasa wata 'yar murya, ta Bilya, ta fara, "Cewa ta yi, kai, sanyin ga ya hi na Kwara da asu..."

"Ƙarya kakai! Ba haka ta ce ba!"

Wata ƙatuwar murya ce kamar an buga tasa, daf da rediyon. Ni ce. Ni ce ina 'yar shekara tara. Ya sake farawa, na sake katse shi. "Yi muna shiru!" "Kai wa ya ce ka iya Turanci?" "Miracle, ki ce ya bari!" Duk inda ya buɗe baki ina kansa. Minti biyar, minti goma, kalma biyu ba ta fita a jere sai na danne ta. Inna ta karkato da kunnenta har yana taɓa rediyon.

Ta ce, "Taki ni ka ji, Zulai. Ina tashi?"

Kunya da baƙin ciki suka rufe ni. Na tsani yarinyar nan, da ina iya shiga cikin kaset ɗin da na ɗauke ta da mari. Kuma ba a kaset kaɗai ba ne. Har ya girma ya yi gemu ban taɓa barin bawan Allan nan ya kai ƙarshen magana ba, sai dai ya yi dariya ya ce, "To, lauya, ke kin ci." Yanzu ga abu ɗaya da ya rage na muryarsa a duniya, shi ma na hau kai na zauna.

Na kai hannu zan kashe, sai kiran magariba ya fito daga cikin rediyon, na wancan zamanin. Maman Miracle ta ce, "Oya, ku tafi gida, kada Malam babanku ya yi faɗa." Aka ji guje-guje. Aka ji ni ina tafe ina masifa, muryata na nisa, na nisa, har ta ɓace. Ashe Bilya bai kashe rediyon ba, ya rungume ta ya taho da ita a kunne. Silifansa na faɗa-faɗa a ƙasa, yana haki, yana bin waƙar Bushiya da hanci. Wata akuya ta yi kuka. Ƙyauren gidanmu, wannan dai na langa-langa da ke bayana, ya yi ƙara.

"Inna! Innaaa!"

Tar, ba kowa a kanta.

"Na'am," in ji Inna, ta nan kusa da ni a kan tabarma. Ta riga ta cikin kaset ɗin amsawa.

"Inna, a zuba min da ƙanzo. Kada a ba Zulai, zagina ta yi ta yi gaban mutane."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Sai ƙarat, rediyon ta tsaya, zaren ya cukuikuye a ciki. Na duba wayata da sauri, ta ɗauka.

Inna ta dafa kafaɗata ta miƙe, abin da ta kwana biyu ba ta iya yi ita kaɗai ba. Ta shiga madafa. Na ji tana kankare gindin tukunya. Ta fito da tuwo a kwanon Bilya, shuɗin nan da ta hana kowa taɓawa, ƙanzo a sama, ta wuce ni ta tsaya tana fuskantar ƙyaure. Na ce a raina, shi ke nan, na je neman gyara na ƙarasa ta. Bakina ya cika da magana, na cije shi. Na bar ta.

Ta daɗe a tsaye, har aka fara kiran magariba a masallacin layinmu. Ƙyauren bai motsa ba.

Ta dawo ta zauna, ta ajiye kwanon a tsakaninmu, hawaye na bin haɓarta yana ɗiga a zane.

"Wanke hannunki," ta ce. "Ba shi zuwa."

Ta gutsuri loma ta kai baki. Sannan ta tsame ƙanzon ta tura gabana.