Maman Kyaftin

Kyaftin Ashraf ya zo hutu Ƙofar Kaura da niyyar gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Ma'u, cewa zai ajiye tuƙin jirgin sama. Albashin da ake ta yi masa kirari a kai sai ya yi watanni bai shigo ba, ga ciwon baya, ga zagin fasinjoji. Gonar kaji yake son buɗewa.

Hajiya ta ajiye carbinta.

"Kaji? Ni da duk gidan bikin da na shiga sai an ba ni kujera, a ce Maman Kyaftin ta iso? Jirgi bai taɓa wucewa ban fito tsakar gida na ɗaga maka hannu ba."

"Hajiya, Legas zuwa Fatakwal nake yi. Ba na bi ta nan."

"Wa ya sani? So kake a koma ce mini Maman mai kaji?"

Da la'asar ta sa shi ya saka kaki da hula, ta zagaya da shi gidajen ƙawayenta. Hutu na ƙarewa ya koma bakin aiki.