Hular Zaliha

Da muka dawo Sabon Gida daga asibitin Yamai, kumburin muƙamuƙin Zaliha ya saɓe, amma gashinta ya shiga zuba. Lokotoro ya ce aikin allurar ne, zai sake tsirowa. Ni dai kowace safiya tsince shi nake daga matashi, in binne bayan rumbu. Ba na barin gashin ɗiyata ya faɗa hannun wani.

Ta daina fita. Kallabi ba ya zama a kan da babu kitso, yara kuma bakinsu ba ya shiru.

Ran nan Goggo Cima, maƙwabciyarmu, ta shigo da zare a hannu. Tana salla, amma kowa ya san ubanta baƙin bunsuru yake yankawa a gindin dutse.

"Mariama, bari in auna kan ɗiyar ga."

"Ki auna ki yi mi da shi, Goggo?"

"In dahwa in ci. Hula zan ɗinka mata."

Na ce barci take, alhali ga tarinta ana ji daga ɗaki.

Bayan kwana uku sai ga Cima da hula, shuɗiyar atamfa, an shimfiɗa tsohon zane mai laushi a ciki. Da ido ta auna. Zaliha ta fizge ta sa, ta tsaya kallon kanta a ruwan randa. Da Cima ta fita na shafa bakin hular, na ji wani abu tuɓus a cikin ɗinkin. Na cire mata, tana kuka na sa reza.

Auduga ce. Na yayyage ta sili-sili ina neman laya ko saiwa ko gashi, ban samu komai ba. Na mayar na ɗinke yadda na iya. Kafin la'asar ɗinkin nawa ya ja jan layi a goshinta.

Washegari Cima ta juya hular sau ɗaya.

"Kin buɗe."

Ta fara warware ɗinkin nawa.

"Da ɗiyata ce, ni ma sai na buɗe. Amma wanga ɗinki naki, ko buhun gero ya hi ƙarhinshi. Zamna nan ki gani."

Na zauna, gwiwata na taɓa tata. Audugar ma tawa na ɗauko. Ban ɗauke ido daga allurar ba sai da ta ciji zaren.

Zaliha ta sa, ta tsaya a bakin zaure tana jin tafin 'yan gaɗa. Ta waiwayo.

"Inna, in tahi?"

"Tahi. Kada ki bari kowa ya taɓa miki kai."